Yarjejeniyarmu ta ce a je gaban hakami, ga shi ana shirin fitar da riɗina ta Apapa: kotu za ta iya tsayar da su?

"Assalamu alaikum, Barista. Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau. Na yi yarjejeniya a rubuce da wani kamfanin fitar da amfanin gona da ke Legas, na kai musu riɗi tirela shida. Sun biya kuɗin tirela biyu, suka riƙe sauran, wai riɗin yana da yashi da danshi. Yanzu na samu labari daga wani yaro a sitonsu cewa sun fara loda shi a kwantena za su fitar ta Apapa. Na je wurin lauya, ya karanta takardar ya ce akwai sharaɗin cewa duk saɓanin da ya taso ba kotu za a je ba, sai gaban hakami a Legas. To kafin a naɗa hakamin nan ai kayana sun tsallaka teku. Shin babu abin da kotu za ta iya yi mini a yanzu?"

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya warware maka, ya fito maka da haƙƙinka. In na fahimce ka, abu biyu ne ke damunka: ko sharaɗin da ka sa wa hannu ya rufe maka ƙofar kotu gaba ɗaya, in kuma bai rufe ba, ko alƙali zai yarda ya hana su taɓa riɗin. Amsar ta farko mai sauƙi ce, bai rufe ba. Ta biyun ce ke da wuya, kuma a nan zan fi tsayawa, domin ina jin abin da ka fi so a ba ka ba shi ne abin da ya fi sauƙin samu ba.

Abin da sharaɗin ya hana da abin da ya bari

Sharaɗin da lauyanka ya gani shi ne na tahkimi, abin da lauyoyi ke kira abitireshan. Kun amince tun ranar sa hannu cewa in rigima ta taso, wani mutum ɗaya ko uku da za a zaɓa, wato hakamai, su ne za su saurare ku su yanke hukunci, kuma hukuncinsu ya hau kanku. Wannan daban ne da sulhu, inda mai shiga tsakani ke lallaɓa ku har ku daidaita da kanku. Dokar da ke tafiyar da wannan a Najeriya ita ce Dokar Tahkimi da Sulhu ta 2023, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu na shekarar, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1988.

Lauyanka ya yi gaskiya ta fuska ɗaya. Da za ka shigar da ƙara kai tsaye kana neman kotu ta sa su biya ka kuɗin tirela huɗu, lauyan kamfanin zai tashi ya nuna sharaɗin, kuma sashe na 5 ya wajabta wa alƙali ya dakatar da ƙarar ya tura ku tahkimi, muddin sun nemi hakan kafin su fara mayar da martani kan ainihin da'awar. Sashe na 64 kuma ya ce kotu ba za ta sa baki a al'amuran da dokar ta shafa ba sai inda dokar da kanta ta ba ta dama. To amma ta ba ta damar. Sashe na 19 ya ce kotu tana da ikon bayar da umarnin wucin gadi don kare haƙƙin masu tahkimi, daidai da ikon da take da shi a ƙarar da ke gabanta, ko da za a yi zaman tahkimin a Najeriya ne ko a wata ƙasa. Har ya sa wa'adi, cewa ta yi aiki da wannan iko cikin kwana 15 daga shigar da buƙatar.

Ba haka abin yake ba a da. Tsohuwar dokar ta ba hakamai ikon kare kayan da ake rigima a kai, amma ba ta fayyace ikon kotu ba, shi ya sa aka daɗe ana jayayya. A shari'ar jirgin ruwan S. Araz a shekarar 2000, wasu sun sa an tsare jirgi a Najeriya don kawai su sami jingina kan tahkimin da ake yi a Landan, Kotun Ƙoli ta ce neman jingina shi kaɗai ba ƙara ba ce da za ta tsaya da ƙafarta. Lauyoyi da yawa da suka taso a wancan zamani har yanzu da wannan tunanin suke amsa wa mutane. Jihar Legas ta riga ta gyara nata tun dokar tahkiminta ta 2009, sannan ta tarayya ta biyo baya a 2023, ta ɗauko tsarin dokar samfur ta hukumar UNCITRAL ta Majalisar Ɗinkin Duniya kamar yadda aka yi mata kwaskwarima a 2006.

Riɗin naka ne har yanzu, ko kuɗi kake bi?

Wannan ita ce tambayar da alƙali zai fara yi wa kansa, kuma gara ka ji ta daga bakina kafin ka ji ta a kotu. Kana cewa "kayana". A zuciyarka naka ne, tunda ba a biya ka ba. A doka kuwa rashin biya shi kaɗai ba ya sa kaya su zauna a mallakar mai sayarwa. Dokar cinikin kaya ta 1893 da muka gada daga Ingila, da dokokin jihohi da suka bi sawunta, sun ce mallaka tana komawa ga mai saye a lokacin da ɓangarorin biyu suka yi nufi. In takardarku ta ce riɗin yana nan a matsayin naka har sai an biya kuɗin duka, to ka tsaya da ƙarfi, domin kayanka ne wani ke shirin fitarwa. In ba ta faɗi haka ba, galibi mallaka ta wuce tun da aka sauke buhunan a sitonsu. Haƙƙin da mai sayarwa ke da shi na riƙe kaya har a biya shi yana ƙarewa ne ranar da kayan suka bar hannunsa suka shiga hannun mai saye. Yawancin takardun da 'yan kasuwarmu ke kawo mini lauyan kamfanin ne ya rubuta su, kuma ban cika ganin wannan sharaɗi na riƙe mallaka a ciki ba.

Me ya sa wannan ke da muhimmanci? Saboda ƙa'idar umarnin hani. Kotun Ƙoli ta shimfiɗa ta a shari'ar Asibitin Tunawa da Obeya a 1987 da ta Kotoye da Babban Bankin Najeriya a 1989. Mai nema zai nuna yana da haƙƙin da doka ta sani kuma akwai magana ta gaske da za a saurara. Zai nuna cewa in aka hana shi umarnin cutar da za ta same shi ta fi wadda za ta sami abokin shari'arsa in aka bayar. Sannan, wanda ya fi kayar da mutane, zai nuna cewa biyan kuɗi daga baya ba zai gyara ɓarnar ba. Lauyan kamfanin zai ce: Ya mai shari'a, mutumin nan ya sayar da riɗi don ya sami kuɗi, abin da yake nema kuɗi ne, in ya yi nasara gaban hakami za a biya shi kuɗi, to me ya kawo tsayar da kwantena? Zai ƙara da cewa suna da kwangila da masu saye a waje, jirgi yana jira, kowace rana a tashar jirgin ruwa kuɗin jinkiri ne ke hawa. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma alƙalai suna saurarenta.

Ga kuma wani abu da ba ka lura da shi ba, wanda ni a ganina yana cikin alherin lamarin. Mutanen da suka ce riɗinka bai kai ba, su ne kuma suke loda shi za su sayar a waje. Dokar cinikin kaya ta ce mai saye in ya yi wa kaya abin da sai mai mallaka ke yi, kamar ya sayar wa wani, ana ɗauka ya karɓe su ke nan. Wanda ya karɓa ba shi da damar cewa ya ƙi kaya. Abin da ya rage masa sai ya nemi ragi gwargwadon aibin da zai iya tabbatarwa. Kuma amfanin gona ba ya fita ƙasar nan ta hanyar da ta dace sai da takardu: fom ɗin NXP da ake cikewa ta banki, takardar shaidar jami'an duba amfanin gona na tarayya, galibi da rahoton kamfanin bincike da mai saye na waje ya yarda da shi, wanda ke nuna tsabta da danshi. In suka gaya wa mai saye a Turkiyya ko Japan cewa riɗin nan mai kyau ne, suka gaya maka cewa yashi ne, takardunsu ne za su tona su. Don haka fitar da riɗin ba lallai ne ya zama asararka ba, in har an riga an ɗebi samfur kuma kuɗinka yana da inda zai fito.

Abin da zan nema in ni ne lauyanka

Na farko, kuma wanda nake ganin ya fi sauƙin samu, umarnin adana shaida. A bar wani mai bincike da ba ya ɓangaren kowa ya shiga sito ko inda kwantenonin suke, a gaban wakilan ɓangarorin biyu, ya soki buhuna daga sama da tsakiya da ƙasa, a haɗa, a raba samfurin gida uku, a liƙe kowanne a sa hannu a kai, ɗaya naka, ɗaya nasu, ɗaya a ajiye wa hakami. Wannan ba ya hana su kasuwancinsu, aikin yini guda ne, don haka da wuya alƙali ya ƙi. Rigimarku kacokan a kan ingancin riɗi take. In ya tafi babu samfur, za ku je gaban hakami ne kowa yana rantsuwa da bakinsa. A haɗa da buƙatar su adana takardun awo na ranar sauke kaya da duk rahoton gwajin da suka dogara da shi.

Na biyu, jingina. A nemi kotu ta hana fitar da kayan sai dai in sun ajiye kuɗin da ake rigima a kai a asusun da kotu ta amince da shi, ko sun kawo takardar lamuni daga banki. A tsara buƙatar haka, da mafita a cikinta. Na sha ganin cewa buƙatar da ta bar wa ɗaya ɓangaren hanyar ci gaba da sana'arsa tana samun karɓuwa fiye da wadda ta ce a tsayar da komai. Akwai wata rigima ta zoɓo da na taɓa shiga, inda kayan ke sito damina tana ƙaratowa. Mun shiga da neman hani, amma da alƙali ya tambayi ɓangarorin biyu wane ne zai ɗauki asara in danshi ya kama furen ya yi baƙi, kowa ya yi shiru. A harabar kotun aka rubuta sharuɗɗa: a ɗebi samfur, a sayar da kayan, a zuba kuɗin a asusun da sai lauyoyin biyu sun sa hannu ake cirewa. Alƙali ya mayar da su umarnin kotu. Tahkimin ya ci gaba a kan kuɗin da ke ajiye, ba wanda hankalinsa ke kan sito kuma.

Na uku shi ne wanda kowa ke tambaya, a rufe musu asusun banki. Ana kiran wannan umarnin Mareba, daga sunan wani kamfanin jiragen ruwa a wata shari'a da aka yi a Ingila a 1975, kuma kotunan Najeriya suna bayar da shi. Amma ba don an ƙi biyanka ake bayarwa ba. Sai ka nuna da'awarka tana da ƙarfi, suna da dukiya a inda hurumin kotun ya kai, kuma akwai haɗari na gaske cewa za su kwashe ta ko su ɓoye don hukuncin ya zama banza. Kamfanin da aikinsa fitar da kaya ne, fitar da kaya ba ɓoye dukiya ba ne. Abin da ke motsa alƙali shi ne irin a ce suna sayar da motocinsu da sitonsu, ko daraktocin sun buɗe sabon kamfani suna mayar da harkokin can, ko masu bin su bashi sun yi yawa har cakinsu yana dawowa. A sa a bincika rajistarsu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, a tambayi sauran 'yan Dawanau da suka kai musu kaya. In babu irin wannan shaida, kada a sa wannan buƙatar don tsoratarwa, tana raunana sauran.

A bayan idonsu, ko a sanar da su?

In jirgi zai tashi cikin kwana biyu ko uku, ana iya shiga ba tare da an sanar da su ba. Shari'ar Kotoye ta ja kunne sosai a kan wannan: sai gaggawa ta haƙiƙa, ba wadda mai nema ya jawo da jinkirinsa ba. Umarnin kuma gajere ne. A Babbar Kotun Jihar Legas kwana 7 yake yi sai dai in an tsawaita, daga nan a saurari ɓangarorin biyu. Tun yaushe ka ji labarin lodin nan? Za a tambaye ka. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Wanda ya ji labari ya yi wata guda yana aika dattawa, sannan ya zo yana cewa a taimaka yau-yau, ya ba lauyan ɗaya ɓangaren makami da hannunsa.

Takardar rantsuwarka ita ce shari'ar baki ɗaya a wannan mataki, domin ba a kiran shaidu. "Na samu labari daga wani yaro" ba zai wadatar ba. Dokar Shaida ta ce in abin da ka rantse a kai wani ne ya gaya maka, sai ka faɗi sunansa da lokaci da wuri da yanayin da ya gaya maka. Ka yi tunani ko yaron nan zai yarda a ambace shi, don aikinsa na iya tafiya. In akwai lambar kwantena, ko hoton lodi, ko direban da ya gani da idonsa, ya fi. Sannan dole ka faɗi abin da ba ya taimakonka: cewa sun yi ƙorafin yashi da danshi, ranar da suka yi, da ko ka taɓa amsa musu a waya ko a WhatsApp cewa za ka rage wani abu. Wanda ya sami umarni a bayan idon wani ta hanyar ɓoye gaskiya, ana warware umarnin ranar da aka gano, kuma alƙali ba zai sake kallonsa da ido ɗaya ba. Wannan yana ɓata mini rai in na gani, mutum yana da gaskiya a ainihin maganar amma ya zubar da ita saboda saƙo ɗaya da ya ɓoye wa lauyansa.

Akwai kuma farashi. Za ka yi alƙawari a rubuce cewa in daga baya aka ga bai kamata a ba ka umarnin ba, za ka biya su asarar da ya jawo. In ka tsare kwantena makonni, jirgi ya tafi, mai saye na waje ya soke ciniki, sannan hakami ya ce riɗin yana da aibi, lissafin zai iya cinye wani babban kaso na abin da kake bi. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na fi karkata ga samfur da jingina.

Hakamin gaggawa

Dokar 2023 ta buɗe wata hanya ta biyu a sashe na 16. Kafin a naɗa ainihin hakaman, kana iya neman cibiyar tahkimin da kuka ambata, ko kotu in ba ku ambaci kowace ba, ta naɗa hakamin gaggawa. Ana naɗa shi cikin ranakun aiki biyu, kuma ya yanke hukunci cikin kwana 14 daga karɓar fayil. Bayan an naɗa ainihin hakaman, su ma suna da iko a sashe na 20 su bayar da umarnin a bar abubuwa yadda suke, a adana dukiya, a adana shaida, kuma sashe na 28 ya ce kotu za ta zartar da umarninsu. Amfanin wannan hanya sirri ne da samun mutumin da ya san harkar kasuwanci. Amma a irin halinka zan fara da kotu. Ikon hakami daga yarjejeniyarku ya fito, don haka kai da kamfanin kawai yake ɗaurewa. Ba shi da iko a kan banki ko kamfanin jirgi ko masu kula da tasha, kuma ba ya iya tura wanda ya ƙi bin umarni gidan yari. In sun yi kunnen ƙashi, kotun dai za ka koma, kwanaki sun tafi. Umarnin kotu kuwa ana kai wa waɗannan duka, wanda ya sani ya taimaka aka karya shi yana fuskantar tuhumar raina kotu. Kuɗin hakamin gaggawa kuma kai za ka fara ajiyewa.

Wace kotu? Dokar ta ambaci Babbar Kotun Jiha, ta Abuja, da Babbar Kotun Tarayya. Tunda kayan suna Legas, kamfanin yana Legas, zaman tahkimin ma Legas ne, can za ka je ba Kano ba, ko da ya fi maka wahala. Ciniki irin naka na Babbar Kotun Jiha ne. In kayan sun riga sun hau jirgi, maganar na iya shiga hurumin harkokin teku, wanda na Babbar Kotun Tarayya ne kaɗai, kuma a lokacin tsayar da su ya yi wuya ƙwarai. Wa'adin kwana 15 ɗin nan ma kada ka ɗauke shi kamar alƙawari. Raba fayil ga alƙali, hutun kotu, da kai sammaci duk suna cin lokaci, shi ya sa ake haɗawa da takardar rantsuwar gaggawa kuma lauya ya bi fayil ɗin da ƙafarsa.

Abu biyu da za a ba ka shawara a kasuwa, ina roƙonka kada ka yi. Kada ka kai maganar wurin 'yan sanda ko EFCC don su karɓo maka kuɗi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai, kuma kotuna suna ci wa masu kai irin wannan ƙorafi tarar diyya in wanda aka tsare ya kai ƙarar take haƙƙinsa. Kada kuma ka tura yara su tare ƙofar sito ko su riƙe motar kamfanin in ta shigo Kano. Wanda ya ɗauki doka a hannunsa ba ya samun sassaucin alƙali a kan buƙatar da bayar da ita ganin damar kotu ne.

Ban ga takardarku ba, kuma layi ɗaya a cikinta na iya canja rabin abin da na faɗa: ko ta ce sakamakon gwajin kamfanin shi ne na ƙarshe, ko ta sa kwanakin da dole mai saye ya yi ƙorafi a cikinsu, ko ta wajabta zaman tattaunawa kafin tahkimi, ko ta ambaci wata cibiya mai nata ƙa'idojin. Ka koma wurin lauyanka gobe da yarjejeniyar, takardun ɗaukar kaya na tirelolin shida, takardun awo, shaidar biyan da aka yi, da duk saƙonnin da kuka yi musaya, har waɗanda ba ka so. Ya rubuta musu wasiƙa yana neman su yi alƙawari cikin awa 48 cewa za su bari a ɗebi samfur kuma su ba da jingina, sai dai in yana ganin wasiƙar za ta sa su hanzarta lodi. A rana ɗaya ya aika musu da sanarwar fara tahkimi tare da sunan hakamin da kuke ba da shawara, a maƙala kwafinta a takardar rantsuwar, domin alƙali zai so ya ga cewa da gaske tahkimin za ka, ba umarnin kake so ka riƙe ka matsa musu da shi ba. In kuma suka kira ka suka ce za su ba ka wani abu yanzu, ka karɓa, amma kada ka sa hannu a kan wata takarda sai lauyanka ya karanta, don a tabbata ba a rubuta cewa wannan ne biya na ƙarshe ba.